Ɗan aiki da 'yar mai gida: abinda ke biyo bayan ɗaurin aure

Nifa duk sanda na ji labarin soyayyar ɗan aiki da 'yar mai gida sai na tsaya na saurara, ko direba ne ko mai gadi ko yaron gida da ake aike, ita kuma ita ce 'yar lelen da komai na gidan zai dawo hannunta wata rana. Mutane da yawa suna cewa ai ƙarya ce, mafarkin talaka ne kawai, wutsiyar raƙumi tayi nesa da ƙasa. Ni ban yarda ba. Abin yana faruwa kuma ya daɗe yana faruwa, kuma dalilinsa ba ɓoyayye bane. Yarinyar da ta taso cikin dukiya kusan duk namijin da yazo wajenta yazo ne da lissafi, ya san waye babanta, ya san abinda zata gada, ita kuma tana karɓarsa a falo da kwalliya da murmushin dole. Amma wanda yake tuƙa ta kullum ya ganta tana kuka a bayan mota, ya ganta ranar da ta faɗi jarabawa, ya ji irin faɗan da ake mata a waya, kuma bai taɓa kai maganar ko'ina ba. Toh in zuciya ta karkata wajen mutumin da ya santa haka meye abin mamaki?

Abinda ke damuna shine yadda ake tsayar da labarin a ranar ɗaurin aure kamar shikenan an gama, alhali nan ne wahalar take farawa.

Kafin nan bari in ɗan kare iyaye, don ba kullum bane girman kai zalla ke sa su hana. A Ingila da can doka ce in mace tayi aure dukiyarta ta koma ƙarƙashin ikon mijinta, sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka ba matar aure damar riƙe abinta. Kenan in ɗan aiki ya gudu da 'yarka ba 'yar kaɗai ya ɗauke ba, har da abinda aka tara mata. Wannan tsoron yana cikin abinda yasa a 1753 suka yi dokar da ta ce wanda bai kai shekara 21 ba ba zai yi aure ba sai da yardar iyaye, masoya kuma suka koma tsallakawa wani ƙauye a bakin iyakar Scotland mai suna Gretna Green inda dokar bata aiki, a ɗaura musu a can. A musulunci kuwa dukiyar mace tata ce ko tayi aure, miji bashi da haƙƙi a ciki sai abinda ta bashi da daɗin ranta, amma duk da haka tsoron bai tafi ba, uba yana kallon yaron yana tambayar kansa 'yata yake so ko auren jari yazo yi. Kuma tambaya ce mai kyau, don akwai masu zuwa da wannan niyyar. Matsalar ita ce wanda yazo da gaskiya shima bashi da hanyar da zai wanke kansa, duk abinda yayi za'a fassara shi, in ya karɓi kyauta ance kwaɗayi, in ya ƙi ance dabara ce yana jiran babba.

Akwai wani tsohon labari da nake yawan tunawa. Sarki Henry na biyar na Ingila ya mutu a 1422 ya bar matarsa Catherine, 'yar sarkin Faransa, tana da ƙuruciya sosai. A cikin masu yi mata hidima akwai wani mutumin Wales sunansa Owen Tudor, ba kowan kowa bane a fada, suka so juna suka yi aure a ɓoye har da 'ya'ya. Tana da rai ba wanda ya taɓa shi. Tana rasuwa a 1437 aka kama shi aka jefa kurkuku. Wannan wajen ne yake taɓa ni wallahi, duk shekarun nan mutuncinsa aro ne, na matarsa ne, ranar da ta tafi ya koma yaron gida a idon mutane. Jikansa ne ya zama sarkin Ingila a 1485, Henry na bakwai, amma shi Owen bai ga wannan ranar ba don an fille masa kai tun 1461.

A zamaninmu ma akwai su. Gimbiya Stephanie ta Monaco ta auri mai tsaron lafiyarta Daniel Ducruet a 1995 bayan sun haifi 'ya'ya biyu, a 1996 auren ya mutu bayan an baza hotunansa da wata mace, masu cewa ƙwarya ta bi ƙwarya suka samu abin faɗa. Amma su waɗannan basa kawo labarin Patty Hearst, jikar attajirin jaridun nan na Amurka William Randolph Hearst, wadda ta auri Bernard Shaw a 1979, ɗan sanda ne da yake cikin masu gadinta, suka zauna tare har ya rasu a 2013, sama da shekara 30. Haka Victoria mai jiran gadon sarautar Sweden, ta auri Daniel Westling a 2010, mutumin da ya fara a matsayin mai koya mata motsa jiki, kuma sun kwashe shekaru suna tare kafin a sanar da baikonsu a 2009.

Ni abinda na gani shine auren nan baya tsayuwa sai an kashe tsohuwar alaƙar, ta mai biya da wanda ake biya, kuma kashe ta ba wasa bane. Ita ta saba ta kira sunansa ya taso da gudu, harshenta ya saba da umarni tun tana ƙarama, ba mugunta bace sabo ne, sai ranar da aka yi faɗa irin na miji da mata wanda kowane gida ake yi, kalma ɗaya ta kuɓuce mata, ta tuna masa inda aka ɗauko shi. Gori ɗaya ya isa ya rusa shekara goma. Shi kuma yana da nasa ciwon, ya zauna cin abinci da mutanen da jiya yake buɗe wa ƙofar mota, abokan aikinsa na da sun daina sakin jiki dashi, dangin matar basu karɓe shi ba, a waje ana kiransa mijin hajiya, sai ka ga mutum mai sanyin hali ya koma mai zafin rai yana neman nuna shi ne namiji a kan abinda bai kai ya kawo ba. Ita ma tana biyan nata kuɗin, wata a cire ta daga harkar gida, wata uwarta ta daina ɗaga wayarta.

Kuma akwai abinda ba'a cika faɗa ba. Lokacin da yake ɗan aiki, in ita ce ta fara nuna so, anya yana da ikon cewa a'a? Abincinsa da na iyayensa yana hannun gidan, in ya ƙi zai iya rasa aikin, in ya yarda aka gane shi za'a kora, wani lokacin har da sharrin sata a kai shi ofishin 'yan sanda, ita kuwa iyakaci a mata faɗa a tura ta karatu wata ƙasa. Shi yasa nake ganin in da gaske take, abu na farko shine ya bar aikin gidan ya tsaya da ƙafarsa ko da ƙaramar sana'a ce, sannan yazo ta ƙofar gaba.

Ko a zamanin sahabbai an ga fuska biyun. Zainab bint Jahsh mai asali ce, uwarta Baƙuraishiya ce, aka aurar da ita ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantaccen bawa ne, zaman bai yi daɗi ba suka rabu, kuma dukkansu mutanen kirki ne. Sai ga Fatima bint Ƙais, Baƙuraishiya, Mu'awiya da Abu Jahm suka nemi aurenta, Manzon Allah (SAW) yace ta auri Usama, ɗan wannan Zaidun. Da farko bata so ba, daga baya da bakinta ta faɗa cewa Allah ya sanya alheri a auren har ana sha'awar zamanta. Uba da ɗa, gida ɗaya, na uban ya mutu na ɗan ya yi albarka, don haka in wani yace min irin wannan auren baya taɓa ɗorewa ko yace so kaɗai ya isa, dukkansu ban yarda dasu ba.