Makabartar sojojin ruwa a tsibirin Chapwani

Duk baƙon da ya sauka bakin ruwan Stone Town a Zanzibar, tayi ɗaya masu kwalekwale suke yi masa: a kai shi Changuu ya ga manyan kunkurayen nan da aka kawo daga Seychelles. Ni kuwa Chapwani na ce a kai ni, wani ɗan tsibiri da ke kusa, wanda Turawa suka maishe shi makabarta tun ƙarni na 19. Dattijon da ke riƙe da injin ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kana da wani a can ne?" Na ce masa, "A'a Baba, ziyara ce kawai." Bai ƙara tambaya ba, ya ja igiya muka kama hanya.

Tafiyar ba ta da nisa, ko rabin sa'a ba mu yi ba. Tsibirin siriri ne, akwai masaukin baƙi a gefe guda, makabartar kuma tana can wani ɓangaren, tsakanin itatuwa da rairayi. Iskar teku da gishiri sun cinye rubutun tsofaffin duwatsun, sai ka sunkuya kana bi da yatsa. Da yawansu matuƙan jiragen Ingila ne da suka mutu lokacin da ake sintirin tare jiragen fataucin bayi a wannan gaɓa.

Abin da ya kai ni shi ne kabarin mutanen Pegasus, wani jirgin yaƙin Ingila. Ranar 20 ga Satumba 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya bai cika wata biyu ba, jirgin yana tsaye a tashar Zanzibar ana gyaran tukwanen injinsa, ba shi da halin motsawa. Da asuba sai ga jirgin Jamus mai suna Königsberg, wanda Max Looff ke jagoranta. Ya tsaya daga nesa, inda igwarsa ke kaiwa amma ta Pegasus ba ta kaiwa, ya yi ta ruwan wuta. Ba a yi sa'a guda ba aka gama. Mutum 38 suka mutu, jirgin ya nutse a ranar. An binne 24 a nan Chapwani. Shi ma Königsberg bai yi nisan kwana ba: ya ɓuya a bakin kogin Rufiji, Ingilishi suka rutsa shi suka ragargaza a Yulin 1915, Jamusawa suka kwance igogin suka ci gaba da yaƙi da su a tudu.

Na daɗe a tsaye ina karanta sunayen. Na ji tausayinsu ƙwarai. Ma'aikata ne aka iske cikin barci, suka mutu nesa da iyayensu, a ƙasar da ko yarenta ba su ji. Amma kowannensu an san sunansa da aikinsa da ranar rasuwarsa, kuma bayan shekara ɗari da ɗoriya hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana nan tana lura da wurin.

A nan zuciyata ta tafi ga namu. Ƙetaren wannan ruwa, a Dar es Salaam, aka sauke birged ɗin sojojin Nijeriya a ƙarshen 1916, cikinsu da Hausawa da yawa, don su bi sawun kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck. Damina ta tsare su a yankin Rufiji, abinci ya yanke, yunwa da zazzaɓi suka yi musu ɓarna tun kafin harsashi. A Oktoban 1917 aka yi musu ƙawanya a Mahiwa da ke kudancin Tanzaniya ta yau, suka yi asarar mutane sosai. Ban da su akwai 'yan dako, mutanen Afirka, da suka mutu dubbai bisa dubbai ƙarƙashin kaya. Mafi yawansu ba su da kabarin da za ka nuna. A tsakiyar Dar es Salaam mutum-mutumin soja ɗaya aka kafa a 1927 ya tsaya madadinsu duka, ba sunan kowa a jiki. Sai a 2021 ita hukumar da kanta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ta kuma nemi afuwa. Ban yi wa waɗannan 24 hassadar duwatsunsu ba, haƙƙinsu ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne an san yadda ake girmama mamaci, aka zaɓi wanda za a yi wa.

Ruwa ya fara janyewa, dattijon ya ɗago mini hannu daga bakin gaɓa, don in muka ƙara jinkiri kwalekwalen zai zauna kan dutse. A hanyar komawa na ba shi labarin Mahiwa. Ya ce bai taɓa jin cewa mutanen Nijeriya sun zo yaƙi ƙasarsu ba, ya tambaye ni ko Musulmi ne. Na ce da yawansu. Sai ya rage gudun injin, ya ɗaga hannu, muka yi musu Fatiha.