Rubutun Turanci na yau da kullum da gyaran nahawu

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen koyon rubutun Turanci ita ce mutum ya riƙa rubuta ɗan gajeren bayani a kan abin da ya wakana a yininsa, ko da zuwa kasuwa ne ko jiran mota a tasha, sannan ya ajiye shi sai washegari ya dawo ya duba da idon gyara.

Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne lokutan aikatau, wato kalmar aiki. A Hausa galibi kalmar aiki ba ta sauyawa saboda lokaci, wakilin suna ne ke ɗaukar wannan nauyi: na tafi, ina tafiya, zan tafi. Turanci kuwa ita kanta kalmar yake juyawa, shi ya sa ɗalibi zai rubuta "yesterday I go" alhali "I went" ake buƙata. Haka nan harafin s da ake liƙa wa aikatau idan mutum ɗaya ake magana a kansa, kamar "she cooks", yakan ɓace ko a rubutun waɗanda suka ci jarrabawar WAEC.

Ni dai shawarata ita ce a bi kuskure iri ɗaya a kowane karatu, a ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace kalmar aiki, a tambayi kai yaushe abin ya faru. Manhajar waya tana gyara harafi, amma sau da yawa takan bar jimlar da lokacinta ya karkace.