Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kakar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya dawo daga gona yana ɗingishi, da wani ƙurji kamar ƙunar wuta a idon sawunsa. To, bayan kwana uku ƙurjin ya fashe, wani farin zare ya leƙo. Kurkunu ne. Kafin mako ya zagayo wani ya sake ɓullowa a ɗaya ƙafar. Shi ke nan Baba ya kwanta a zaure, kullum ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, don in aka ja da ƙarfi ta tsinke, ƙafar kumbura za ta yi ta ɗuri ruwa. Ƙarshen daminar 1988 ke nan, ina da shekara 11. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdu lillahi, tun 2013 aka tabbatar an raba Najeriya da shi. Mu kuwa da muka tashi muna shan ruwan tafki a ƙasar Bichi mun san shi sarai, kuma muguntarsa ita ce ba ya kama mutum sai lokacin da gona ta fi bukatarsa.

Geronmu Baffa ne ya girbe mana tare da nasa, ya ɗaure dammunan, ya fitar da zakka, dami ɗaya a cikin goma, sauran aka zuba a rumbu. Dawa da sauranta. Abin da ya hana Inna barci ita ce gyaɗa.

Gyaɗa ba ta jiran mai jinya. In ta nuna aka bar ta ƙasa da danshi, sai ta fara tsira a cikin kwansonta. In kuma ruwa ya ɗauke ƙasa ta ƙame, kana jan ganyen zai taho hannunka, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa, su zama rabon gara da kurege. A waccan shekarar na biyun ne ya same mu. Baffa na fama da tasa gonar, Inna tana kulle, babu kuɗin 'yan ƙwadago. Saura ni, da Yaya mai shekara 14, da Iya, mahaifiyar Baba, wadda ko tsayuwa sosai ba ta iya yi.

Mu ukun muka fara. Yaya na sara da fartanya, ni ina ja ina kakkaɓe ƙasa, ina kifa gindin sama don rana ta bugi 'ya'yan. Iya na biye da mu a zaune, tana jan jiki, tana tona da yatsu tana tsince wadda ta tsinke. Wuni guda cur muka yi, da la'asar na ɗaga kai na duba, ko kunya goma ba mu gama ba. Na zauna a kan kunya na fashe da kuka. Iya ba ta rarrashe ni ba. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, in kin gama ki miƙo min ƙwaryar can."

Ashe a daren nan Inna ta aika a kira Baffa. Ina jin ta daga bayan ƙofa tana ce masa ya kai akuyarta kasuwa, a sayo goro da gero na fura, a kira gayya. Akuyar nan ita kaɗai ta rage mata cikin dabbobin da ta zo da su gidan aure. Baba daga zaure ya ce, "A'a, a bar mata abarta." Inna ta ce, "Malam, in gyaɗar ta zauna a ƙasa, me akuyar za ta ci da rani?" Gaskiya ta faɗa, don harawar gyaɗa ita ce abincin dabba in ciyawa ta ƙare.

Ranar gayya samarin unguwarmu suka fito tun da sanyin safiya, kafin azahar sun tuge gonar kaf. Har yau in na ga ɗaya daga cikinsu, duk sun tsufa, sai na durƙusa na gaishe shi.

Sai dai cirar gyaɗa somin taɓi ne. Bayan ta sha iska aka kwaso ta gida, aka jibge a tsakar gida, muka zauna tsiga. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinke kwanson daga jikin saiwa, ƙura na shiga hanci, ƙasa na cin farce, har gefen yatsu ya tsage. Matan maƙwabta kan shigo bayan isha'i su taya mu a hasken aci-balbal, in za su tafi Inna ta auna wa kowacce kwano. Harawar kuma Yaya ya ɗaure ta tun ganyen bai kaɗe ba, ya jera a kan reshen darbejiya. Ni da sauran yara mukan koma gonar roro, duk abin da ka tono naka ne. Da kuɗin rorona na sayi takalmin roba na farko a rayuwata.

A irin waɗannan darare ne Baba, yana kwance ƙafa a miƙe, yake ba mu labarin dalar gyaɗa. Ya ce yana saurayi ya bi jakuna zuwa Kano, ya ga buhuna an jera su sun yi tsini kamar duwatsu, suna jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko. Tun da jirgi ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama kuɗi, da ita irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Sai farin 1973 ya zo, a 1975 kuma cutar da manoma ke kira kuturta ta cinye gonaki, ganye ya nannaɗe, tsiro ya tsugune babu 'ya'ya. Da yawa a garinmu daga nan suka koma wake. Baba bai daina ba, saboda sana'ar Inna a kanta take. Abin da ban taɓa ji an faɗa ba a duk labarin dala shi ne yawan yatsun da suka tsage kafin buhu ɗaya ya cika. Wannan kuwa ni na sani, da hannuna na sani.

Da hunturu ya shigo sai aikin ya koma hannun Inna gaba ɗaya. Mu ɓare gyaɗar da daddare. Kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta ɗora babban kasko, tana juyawa ba tsayawa, don in ta ƙone man zai yi ɗaci, in ba ta soyu ba kuma man ba zai fito ba. A juye a tabarma, a murje, a fece jan ɓawon da faifai. Ni ke ɗauka a ka zuwa inji a niƙo. Daga nan ne ainihin wahalar take. Za ta zuba niƙaƙƙiyar gyaɗar a turmi, ta riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana tuƙawa da taɓarya. Tun abin yana da laushi har ya yi tauri ya riƙa kama taɓaryar, gumi na zuba daga goshinta cikin sanyin nan da mu muke rawar ɗari. Can sai ka ga mai ya fara tsattsafowa, ya taru a sama. Ta kwashe da ludayi, ta ɗebo tunkuzar ta ɗora a kan dutse tana matsawa da dukkan nauyin jikinta har sai ta daina ɗiga. Sannan mu mulmula, wani zobe, wani dunƙule, ta soya shi a cikin mansa. Bayan hannun Inna duk tabon fantsamar mai ne, har ta koma ga Allah bai goge ba.

Lissafinta ɗaya ne, kullum tana maimaita min: mai shi ne uwar kuɗi, ƙuli shi ne riba. Kuɗin mai ba a taɓa shi, da shi ake sayo wata gyaɗar in tamu ta ƙare. Kuɗin ƙuli kuwa, wanda masu tsire ke saya su daka yaji da shi, da wanda mata ke saya don kwaɗon zogale da rama, shi ne cefane, shi ne maganin Baba, shi ne littafin rubutuna.

Wata ranar kasuwa na ɗauko tallan, kwalabe shida na mai a cikin daro, ƙuli a faranti a sama. Ban yi barcin kirki ba a daren. Daidai gangaren da ke bayan makarantarmu na yi tuntuɓe da saiwa. Ƙarar fashewar kwalaben nan har yau tana kunnena. Na durƙusa ina kallon yashi yana shanye aikin kwana uku. Biyu ne suka tsira. Na tsince ƙulin ɗaya-ɗaya na hure ƙasar, na je na sayar, amma na kasa komawa gida sai da magariba ta kusa.

Na shiga na ajiye daron a gabanta. Ta dubi kwalaben, ta dube ni. Ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga inda kwalba ta yanke ni, ta yagi gefen tsohon zanenta ta ɗaure. Sannan ta ƙirga kuɗin ƙulin sau biyu, ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Kada babanku ya ji. Je ki ci tuwo."

Amma Baba ya ji. Washegari da safe ya sa aka kira Yaya zaure, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da Yaya ya fito idonsa ja, ya wuce ɗaki ya fara naɗe tabarmarsa. Inda aka tura shi ci-rani, da abin da ya same shi a can, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.