Baba ya dawo gida: godiyarmu, da wanke sunan wani bawan Allah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, Baba ya dawo. Yau kwanansa biyar a ɗakinsa, yana cin tuwonsa, kumburin ƙafarsa yana saɓewa, likita ya duba shi ya ce ban da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki babu abin tashin hankali. Kwana goma sha ɗaya muka yi ba mu san inda yake ba. Ni ne babban ɗansa, kuma a madadin Hajiya, da Anti matar Baba, da ƙannena maza da mata nake wannan rubutu. Wanda ya ɗaga waya ya tambaya, da wanda ya tako ƙafa ya zo jaje, da wanda ya saka mu a sujadarsa ba tare da mun sani ba, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raba ku da ganin irin wannan rana.

An same shi a Malam Madori, cikin jihar Jigawa, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wanda ya san Baba ba zai yi mamaki ba. Ma'aikacin reluwe ne, ƙuruciyarsa duk a layin Kano zuwa Nguru ya yi ta, layin da ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Ranar da ya ɓace, a zuciyarsa aiki ya tafi. Ya shiga motar Haɗeja, ya sauka inda ƙafarsa ta sani, ya zauna yana jiran jirgin da ba zai zo ba. Wani mai shayi ne ya lura da dattijo mai tsabta da ke sallah a sahun gaba amma bai san sunan unguwarsu ba. Ya shimfiɗa masa tabarma a zaurensa, ya ciyar da shi, matarsa ta wanke masa kaya, ya sanar da limami da mai unguwarsu. Wayarsa ƙarama ce, ba ya Facebook. A rediyo ya ji cigiyar da muka maimaita, ya ji an ce tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ari kati ya kira. Da muka je, na miƙa masa abin da ya sawwaƙa, ya mayar mini da hannuna ya ce shi ma yana da uba. Malam, ba ni da bakin gode maka. Allah Ya ba ka 'ya'yan da za su riƙe ka.

Muna godiya ga ma'aikatan gidajen rediyo da suka yi ta karanta cigiya safe da yamma, da 'yan kamasho da direbobin tashoshin titin Haɗeja da suka liƙa hoton Baba a gilasan motocinsu, da mai unguwarmu da bai runtsa ba, da 'yan sintiri, da 'yan Hisba, da 'yan sandan da suka riƙe maganar. Akwai kuma ma'aikatan ɗakunan ajiye gawa da na bi ɗaya bayan ɗaya da ƙanina. Wannan aikin ba na yi wa maƙiyina fatansa. Wani dattijo a cikinsu kafin ya janye mayafi sai ya ce in yi bismilla in riƙe hannun ɗan'uwana. Ban san sunansa ba, amma ban manta da shi ba.

Sai dai godiyar da ta fi nauyi a wuyana, wadda saboda ita na ƙi taƙaita saƙon nan, ta wani mutum ce da muka cuta.

Shekara shida ke nan wani ɗan adaidaita sahu a unguwarmu yake kai Baba masallacin Juma'a da asibiti. Ba zan faɗi sunansa ba, an faɗe shi fiye da kima. A ranar da abin ya faru, da hantsi, Baba ya tare shi a bakin layi ya ce ya kai shi Yankaba, zai sayi kayan miya, ɗansa zai biyo ya ɗauke shi. Ya sha yin haka a baya. Ya kai shi, ya sauke shi, ya ci gaba da neman balas ɗinsa. Da magariba ta yi ya ji ana neman Baba, da ƙafarsa ya zo gidanmu ya faɗa mini duk wannan, kuma shi ya ɗauke mu zuwa daidai inda ya ajiye shi.

Washegari wani mai shago ya ba ni hoton da kyamarar shagonsa ta ɗauka, Baba yana shiga adaidaitar. Ni da hannuna na tura shi zauren WhatsApp na dangi, na rubuta cewa wannan ne gani na ƙarshe da aka yi masa. Ban rufe fuskar direban ba, ban rufe lambar ba, ban kuma rubuta cewa shi ne ya fara kawo mana labari ba. Kafin la'asar hoton ya bar hannun dangi. Kafin dare an zana jan da'ira a fuskarsa.

Abin da ya biyo baya har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Mutanen da ba su taɓa taka layinmu ba suka zama masu bincike. Wani ya ce a dubi yadda yake waiwaye, alamar marar gaskiya ce, alhali mutum ne yake duba hanya kafin ya hau titi. Wani ya gano ya sa sababbin tayoyi a watan, ya ce ina ya samu kuɗi. Wata ta yi bidiyo a TikTok tana kuka tana cewa infoma ne, ita ta san irinsu. Aka yi ta yawo da wata murya da aka naɗa, wai maƙwabcinsa ne ya gan shi da baƙin fuska da daddare, har yau ba a san mai muryar ba. Da aka gaji da shi aka juyo kan Anti, aka ce amarya ce, gado take hari, ita ta haɗa baki da shi. Matar da shekara goma sha tara take dafa wa Baba abinci, ita take yanke masa farce. Kwana uku ta yi ba ta fito tsakar gida ba.

Na fahimci inda tsoron mutane ya samo asali, kuma ba zan ce babu dalili ba. Duk mutumin Kano yana tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Disamban 2021 a hanyar dawowa daga Islamiyya, daga baya ta bayyana mai makarantar bokonsu ne ya sace ta ya kashe ta, har babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Tun daga lokacin, in aka ce wani ya ɓace, ido kan na kusa yake fara sauka. Ni kaina, tunda gaskiya na zauna faɗa, akwai daren da na kwanta ina juya maganar tayoyin nan a raina. Amma wancan mutumin jami'an tsaro ne suka kama shi a kan karɓar kuɗin fansa, aka kai shi gaban alƙali, aka kawo shaidu. Namu kuwa hoto ɗaya aka gani.

A dare na huɗu matasa suka taru a ƙofar gidan da yake haya, wasu da gora, wani da jarka. Mai unguwa da limaminmu ne suka tsaya a bakin zaure har 'yan sanda suka iso suka tafi da shi. Ina tsaye a wurin, kuma ba abin da ya faɗo mini sai Uromi. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a can jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano yin Sallah, saboda an ce masu garkuwa da mutane ne. Mu nan mun yi kuka, mun ce an kashe 'yan'uwanmu a kan zato. Ga shi a layinmu, da Hausa, saura ƙiris mu aikata irinsa. Liman da mai unguwa, Allah ne kaɗai zai biya ku. Kun tsare ran mutum, kun kuma tsare 'ya'yan unguwa daga ɗaukar jini.

'Yan sanda sun yi masa tambayoyi, wanda aikinsu ne tunda shi ya ga Baba a ƙarshe, suka bi sawun maganarsa, suka samu masu kayan gwari biyu da suka ga ya sauke dattijon ya tafi shi kaɗai. Suka sallame shi. Amma mamallakin adaidaitar ya riga ya karɓe mukullinsa. Matar direban ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta saboda jifa. Babbar 'yarsa ta daina zuwa Islamiyya don ana kiranta 'yar ɓarawon mutane. Labarin sallamarsa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na inda hotonsa ya kai ba.

Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ita ta fara ce mini in fito in yi magana, tun a rana ta uku. Ta ba ni labarin wata mata, uwar 'ya'ya biyu, da ta ɓace ranar 27 ga Janairun 2023 a wani ƙauye na yankin Lancashire, bayan ta kai yaranta makaranta ta fita zagaya da karenta a bakin kogi. Mutane suka yi ta tururuwa ƙauyen da wayoyi suna ɗaukar bidiyo, suna leƙa gidajen mutane, suna tuhumar uban 'ya'yanta da ƙawayenta, har sai da 'yan sanda suka ba da umarnin korar masu wannan ɗabi'a daga wurin. Bayan kwana 23 aka tsinci gawarta a cikin kogin, kimanin mil ɗaya daga inda aka ga wayarta, binciken hukuma kuma ya tabbatar faɗawa ruwa ta yi, babu hannun kowa. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka faɗa wa mutane gaskiyar ciwon Baba, in ba haka ba za su cike gurbin da abin da suka ga dama." Ban saurare ta ba sai a rana ta tara.

Ga gaskiyar da muka ɓoye. Shekara biyu ke nan Baba yana fama da ciwon mantuwa. Ya kan tambayi abu sau biyar, ya kan kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu, amma in ka ce ya lissafa maka tashoshi daga Kano zuwa Nguru ba zai tsallake ɗaya ba. Haka ciwon yake, sabon abu ne yake fara gogewa, tsohon ya zauna daram, shi ya sa masu shi sukan kama hanyar gidan da suka tashi ko wurin aikin da suka bari tuntuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55 a duniya. Mu kuwa kunya muka ji, kada a ce Baba ya ruɗe, ko a ce jifa ne. Ko direban da yake ɗaukarsa ba mu gaya wa ba. Da ya sani, wallahi da bai bar shi a Yankaba shi kaɗai ba. A cigiyar farko mun rubuta launin rigarsa da hularsa, muka bar abin da ya fi muhimmanci. Ranar da muka saka ciwon da tsohon aikinsa a cikin sanarwa, kwana biyu tsakani mai shayi ya kira.

Don haka ina shaida a gaban Allah da jama'a: wannan bawan Allah ba shi da hannu a ɓatan mahaifinmu. Anti ma haka. Laifin fitar hoton nawa ne, na kuma je gidansa da kawuna da mai unguwa na durƙusa na roƙe shi gafara. Abin da ya fara tambayata shi ne ko Baba yana iya taka ƙafar. Ɗan'uwa, ranar da aka sallame ka, maimakon ka je ka huta, aron babur ka yi ka bi tashoshi da hoton Baba a aljihu. Na ji wannan daga bakin 'yan kamasho, kai ba ka taɓa faɗa mini ba. Na gode, na gode, Allah Ya wanke ka duniya da lahira.

Wani lauya ya ce masa yana da damar kai ƙarar waɗanda suka ɓata masa suna, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar ɓata suna. Bai yanke shawara ba tukuna. Haƙƙinsa ne, in ya nema ni ne shaidarsa na farko. Ni dai roƙona ga duk wanda ya san ya tura hoton nan ko muryar nan, ko da da kyakkyawar niyya ne, kuma na san da yawanku don son Baba kuka yi: ku goge, sannan ku tura wannan saƙon zuwa kowane zaure da kuka tura wancan. Gogewa a ɓoye ba ta isa ba, tunda a fili aka tuhume shi. Liman ya tunatar da mu ayoyi biyu na Suratul Hujurat a huɗubar da ta gabata, ta 6 a kan bincika labari kafin a cuci mutane cikin rashin sani, da ta 12 a kan nisantar yawan zato. Kaina na sunkuyar har aka tayar da sallah.

'Yan'uwa sun haɗa abin da ya sawwaƙa, mun kuma yi magana da mamallakin adaidaitar, ya amince zai mayar wa direban mukulli ranar Litinin. Iyalinsa sun dawo jiya. Baba yanzu akwai takarda ɗinke a aljihun kowace rigarsa, da sunan unguwa da lambar wayata, maƙwabta da masu shagunan layi duk mun sanar da su halin da yake ciki.

Ranar Asabar bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, mai unguwa zai maimaita wannan shaida a gaban mutanen da suka taru a wancan daren. Muna gayyatar kowa. Mai shayin Malam Madori ya ce zai zo in ya samu mai tsare masa tebur, kuma ɗan'uwanmu mai adaidaita ne zai tarbo shi a tasha.

Wassalamu alaikum.