Yadda muka shiga cikin akwatin talabijin muna yara

Akwatin talabijin na farko da ya shigo layinmu a Tudun Wadar Kaduna, kuɗin Udoji ne suka sayo shi. A 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi har da ariyas, wanda aka riƙa kira kuɗin Udoji, sai maƙwabcinmu, wani akawu da duk yaran layi ke kira Baba, ya dawo da akwati mai ƙafa huɗu da ƙofar katako da ake zugewa. Hotonsa baƙi da fari ne. Gidan talabijin na Kaduna kuwa tun 1962 yake aiki, zamanin Sardauna, shekara uku bayan na Ibadan. Mu ne dai ba mu da abin kallonsa.

A lokacin ba a wuni ana shiri. Sai bayan la'asar tasha take buɗewa da taken ƙasa, shirin yara ya biyo baya. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, muke samun kallo tun daga farko. Mu wanke ƙafa, mu jeru a kan tabarma, ƙanana gaba, manya baya. Idan hoto ya fara rawa, a tura babban yaro ya juya eriya, muna yi masa ihu daga ciki: "Ya yi! A'a, koma baya!" Idan NEPA ta ɗauke wuta, mu zauna jugum, ba mai tashi.

Ana nuna zane mai motsi na ƙasashen waje, da shirin nan na Amurka, Sesame Street, mai koyar da haruffa da ƙirga. Muna son su, ko da yake ba ma jin abin da suke faɗa, sai dai mu laƙaba wa kowa sunan da ya dace da shi. Amma shirin da ke sa ɗaki ya yi tsit shi ne wanda ake tara yara irinmu, wata Anti ta zauna a tsakiyarsu ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Mu ma daga kan tabarma sai mu amsa, "Ta zo mu ji ta."

Ina aji huɗu, bayan an haɗe gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin Hukumar Talabijin ta Ƙasa, wato NTA, a 1977, Malam ya zaɓe mu aka kai mu ɗaukar irin wannan shiri. Da ina zaton zama kawai ake yi a yi hira. Ashe aiki ne ja. Ɗakin ba taga, fitilu a sama suna zubo zafi, ga wayoyi shimfiɗe a ƙasa, ga kyamara wadda ta fi mu tsawo, mutum na tura ta a kan taya. Aka yi ta gwaji da mu: inda za ka zauna, lokacin da za ka ɗaga hannu, yadda za ka buɗe murya. Shirin da bai wuce rabin awa ba ya cinye mana yini. A nan na fara gane cewa manya masu ilimi suna zuba guminsu a kan abin da yaro zai kalla, kuma ba su ɗauke shi ƙaramin aiki ba.

Kafin a fara Anti ta lura jikina na ɓari. Ta durƙuso daidai tsawona ta ce, "Ɗana, ka ga jar fitilar can a kan kyamara? In ta kama, ka ɗauka ƙaninka ne zaune a wurin. Shi kaɗai za ka yi wa magana." Da aka zo kacici-kacici na ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wata yarinya ta ce tsintsiya, aka tafa mata. Shekarun da na yi daga baya ina koyarwa a firamare, wannan shawara ce ta riƙe ni. Komai cikar aji, idan ka yi magana kamar da yaro ɗaya kake, kowa sai ya ji da shi ake.

Ranar da aka nuna shirin, Inna, wadda ba ta taɓa damuwa da akwatin ba, ta yafa mayafi ta shiga wurin matar Baba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi aka yi, irin wadda take yi mana da dare. Tun daga ranar ta daina cewa talabijin kayan Turawa ne. Na yi imani abin da ya ɗaure mu ga shirye-shiryen nan ke nan: harshenmu muke ji, fuskokin da muka saba gani muke kallo. Ko shirin tatsuniyoyin nan, Tales by Moonlight, da NTA ta fara a 1984, da Turanci ake yinsa, amma tsarin dandali ya ɗauka, shi ya sa ya karɓu a ko'ina.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne yawancin shirye-shiryen wancan zamani ba su tsira ba. Faifan bidiyo yana da tsada, don haka gidajen talabijin a duniya, har da na Ingila, sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Shi ya sa yanzu, duk dattijuwar da na samu a dangi tana iya tatsuniya, nakan tara mata jikoki, in kunna waya in ɗauka, in tura wa 'yan'uwa kowa ya ajiye nasa.