Sikeli ya ce ƙanwata ta warke

Ƙanwata tana da shekara 14 lokacin da ciwon anoreksiya ya kama ta. Mutane na zaton rashin jin yunwa ne. Tana jin yunwa sosai, tsoron ƙiba ne ya fi ƙarfin yunwar. Hannuwanta kullum sanyi ƙalau, wani lallausan gashi ya tsiro mata a damtse, al'adarta ta ɗauke.

A asibiti da baya take hawa sikeli, don kada ta ga lambar. Bayan shekara guda nauyinta ya dawo, al'ada ta dawo, aka ce mana an samu sauƙi. Mun yi hamdala. Amma da daddare ina jin takunta a ɗaki, tana kai da komowa don ta ƙona abin da ta ci.

Da na shiga bincike sai na gane cewa ma'aunin warkewa daga ciwon da wasu likitoci biyu, Morgan da Russell, suka fitar a Ingila a 1975 a kan abubuwan nan biyu ya fi dogara, nauyi da al'ada. Ina ganin amfaninsa, domin ƙwaƙwalwar da yunwa ta cinye ba ta iya tunani daidai sai jiki ya farfaɗo. Sai dai yarinyar da ke kan girma, nauyin da ya ishe ta bara ba zai ishe ta bana ba. Ga yara maza kuma da ba su da al'adar da za a duba. A 2013 kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya cire ɗaukewar al'ada daga sharuɗɗan gane ciwon. Masu bincike da dama yanzu sai sun haɗa uku kafin su ce an warke: jiki, da yadda ake cin abinci, da abin da ke cikin zuciya. Na ukun ne ya fi wuyar aunawa, kuma shi ne ya fi daɗewa.

Wani bincike a Boston ya bi mata masu ciwon tsawon shekara 22. A shekara ta 9 kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka warke, a ta 22 sun kusan kai biyu cikin uku. Wannan ya sa na daina ƙirga watanni.

Yanzu shekararta 19. Kwanan baya muna cin abinci tana ba ni labarin ƙawarta, tana dariya, har ta cinye ba ta lura ba. Ta miƙo farantin ta ce, "Yaya, akwai saura?" Na tashi na ƙaro mata, hannuna yana rawa.