Abin da hawan keke a bakin kogin Loire ya koya mini

A shekarar da nake karatu a Faransa, ni da wani abokina ɗan Maraɗi muka yanke shawarar yin hutun watan Yuni a kan keke, mu bi gaɓar kogin Loire, wanda mutanen wurin ke furtawa kamar Luwar, daga birnin Orléans har zuwa Saumur, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya. Ni na ɗauki nauyin tsara tafiyar, kuma da yake yanzu ƙannenmu da yawa suna zuwa karatu ko aiki a can, wasu har suna tambayata game da wannan hanya, na ga ya dace in fayyace inda na yi kuskure, domin yawancin wahalar da muka sha daga teburina ta fito tun kafin mu taka feda.

Hanyar kanta ba ta da laifi. Ana kiranta Loire à Vélo, tsawonta wajen kilomita 900, kuma wani yanki ne na babbar hanyar keke da ta taso daga Tekun Atlantika ta nufi Bahar Aswad. An kafa mata alamomi a kowace mahaɗa, yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce, wani lokaci a kan jingar da aka gina don tare ambaliya, wani lokaci ta cikin gonakin inabi. Tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya tsakiyar wannan kwari cikin wuraren tarihi na duniya, saboda fadojin sarakuna da tsofaffin garuruwan da ke jere a bakin ruwan.

Kuskurena na farko shi ne alƙiblar tafiyar. Na dubi taswira na ga kogin yana gangarawa daga gabas zuwa yamma, sai na ce mu bi ruwa, ai gangara ce, keke zai riƙa tafiya da kansa. Ashe tsakanin Orléans da Saumur bambancin tudu bai kai mita 100 ba a duk tsawon hanyar, abin da ƙafa ba za ta taɓa ji ba. Abin da ƙafa take ji shi ne iska, kuma a wannan yanki iska ta fi kaɗawa daga yamma, daga wajen teku. Ma'ana mun kwashe kwanaki muna tunkarar ta gaba da gaba. Ina tuna wani yammaci a kan jinga, babu itace babu gini, rigata ta kumbura a baya kamar tanti, ina taka feda da iya ƙarfina amma wani dattijo da ke zuwa daga ɗaya ɓangaren ya wuce mu a zaune cak, kusan ba ya motsa ƙafa, har ya ɗaga mana hannu. Da zan sake, daga Saumur zan fara in nufi gabas, iska ta riƙa tura ni ta baya. Jirgin ƙasa yana bin kwarin, kuma a lokacin zafi akwai jiragen da ake ware wa kekuna wuri na musamman, saboda haka zuwa mafarin da kake so ba shi da wuya.

Na biyu ya fi na farko muni, don shi ne ya cinye daɗin tafiyar. Na raba hanyar kwana 3, wato fiye da kilomita 70 a yini, sannan na jera fadoji 6 da za mu shiga. A takarda lissafin ya fita: awa 5 a kan keke, awa ɗaya a kowace fada. Abin da ban lura da shi ba shi ne manyan fadojin da suka yi suna ba duka ne ke bakin Loire ba. Chambord tana cikin daji, sai ka ratse daga kogin ka yi tafiya mai ɗan nisa. Chenonceau a kan wani kogi daban take, kogin Cher, kudu da garin Amboise. Azay-le-Rideau tana kan kogin Indre, Chinon kuma a kan Vienne. Kowace ratsa tana ƙara kilomita 20 ko 30 na zuwa da dawowa, kuma da zarar ka bar bakin ruwa sai tudu ya fara, domin gonakin inabi a kan tuddai ake yin su.

Haka muka isa Chambord a gajiye. Wannan fada ce da Sarki François na ɗaya ya fara ginawa a 1519, tana da ɗakuna fiye da 400 da murhun ɗumama ɗaki 282, an kewaye dajinta da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyarta akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna, ta yadda mai hawa da mai sauka za su riƙa hango juna ta tagogi amma ba za su haɗu ba. Ni da abokina muka hau, kowa ta nasa ɓangaren, muka leƙa juna sau biyu, sai na dubi agogo na ce mu tafi, garin Blois na jiranmu. Minti 40 muka yi a wurin da ya cancanci rabin yini, kuma har yau abin yana cina. Chenonceau kuwa ba mu je ba sam, ita da aka gina a kan gada, da zaurenta mai tsawon mita 60 a bisa ruwa, wanda a Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka riƙa bi ta ciki suna tsallakawa daga yankin da Jamus ta mamaye zuwa ɗaya ɓangaren. A Amboise ma ƙofar Clos Lucé kawai muka gani, gidan da shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya rasu a 1519. Shawarata ita ce kada ku wuce kilomita 40 zuwa 50 a yini, fada ɗaya a rana ta isa, kuma ku kwana biyu a gari ɗaya kamar Blois ko Amboise, ku bar kaya a masauki ku yi ratsar da keke marar nauyi.

Sai maganar ciki, wadda Bahaushe ba ya wasa da ita. Na saba da cewa a gida duk lokacin da yunwa ta kama ka za ka sami mai shayi ko mai tsire. A ƙauyukan Faransa gidan abinci yana ba da na rana ne daga sha biyu zuwa wajen ƙarfe biyu, daga nan a rufe sai dare. Shaguna da yawa suna rufewa ranar Lahadi da yamma, wasu kuma duk ranar Litinin. Mun shiga wani ƙauye ƙarfe uku saura na ranar Litinin, gidan burodi a rufe, kanti a rufe, abin da ya rage a jakarmu dabino ne guda 7 da rabin gorar ruwa, muka zauna a inuwar coci muka raba. Tun daga ranar nake sayen burodi da cuku da 'ya'yan itace da safe kafin in bar gari.

Ga Musulmi akwai ƙarin lura. Abincin da yankin Tours ke alfahari da shi, rillettes da rillons, naman alade ne, kuma sukan zo a ɗan kasko tare da burodi ba tare da alamar komai ba. Na taɓa kai wuƙa zan shafa kafin abokina ya riƙe mini hannu ya tambayi mai hidima. Miyar kifi da ta nama ma sau da yawa da giyar inabi ake dafa su, saboda haka tambaya ta zama dole, kuma ban ga wanda ya ɓata rai don an tambaye shi ba. Cukun madarar akuya na Sainte-Maure da kifin kogi gasasshe sun wadatar da mu, a manyan garuruwa kamar Orléans da Blois da Tours kuma akwai masallatai da mahautan halal. Game da giyar kanta, yankin ƙasarta ce, daga Vouvray har Chinon da Saumur, kuma za ku ga alamun gayyatar ɗanɗano a ko'ina. Da farko na riƙa kauce wa duk wani kogo don tsoron kada a miƙo mini kofi, daga baya na gane ba duk kogwannin ne na ajiyar giya ba. Farin dutsen da aka gina fadojin da shi daga cikin tuddan nan aka haƙo shi, ramukan da suka rage wasu suka zama gidajen zama, wasu kuma kusa da Saumur ana noman naman kaza, wato laimar kwaɗi da ake ci, a cikinsu, sanyinsu ɗaya rani da damina. Wasu manoman suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai tsima ba, amma a karanta jikin kwalbar.

Lokutan salla ma sun ba ni mamaki. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha'i ta kai kusan tsakar dare, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai, ga gajiyar keke. Ban tanadi wannan a lissafina ba, sai barci ya riƙa fizgata a kan sirdi. Ya kamata mutum ya tambayi malaminsa hukuncin kasaru da haɗa salloli tun kafin ya tashi, ya kuma ware lokacin ƙailula a inuwa bayan azahar.

Keken haya muka ɗauka, kuma ban gwada tsayin sirdin da kyau ba, ban kuma yi atisaye ba kafin tafiyar, ina taƙama da cewa na yi shekaru ina zuwa makaranta a keke. Kwana na biyu zama ya gagare ni. Wando mai soso, famfo, kayan faci da sanin yadda ake cire tayar baya sun fi kowace taswira amfani. Masauki kuwa a kama shi tun da wuri idan Yuli ko Agusta ne, a nemi masu alamar Accueil Vélo, waɗanda ke da wurin kulle keke. Wanda zai taso daga gida yana buƙatar bizar Schengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, da shaidar masauki da inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000.

Abu ɗaya da na kusa yi wanda da ya fi duka tsada shi ne wanka a kogin. Ana zafi, ruwan ya ja baya, tsibiran yashi sun fito fari tas kamar gulbi a lokacin rani, har na cire takalmi na naɗe wando. Wani mai kamun kifi ya yi mini tsawa daga nesa, ya zo ya bayyana mana cewa ruwa yana cin yashin ta ƙarƙashi, mutum na tsaye sai bakin ya rufta da shi cikin zurfi mai ja, shi ya sa aka hana iyo a mafi yawan Loire sai a wuraren da aka keɓe da masu tsaro. Na mayar da takalmina, muka cika gorunanmu a famfon maƙabartar ƙauyen, inda ya ce kusan kullum ana samun ruwa, muka ci gaba zuwa Saumur.